Yadda juyin juya hali ke juyowa kan masu ilimi

A fadar shayin ɗalibai nan Maradi, kalmar juyin juya hali tana da daɗin baki. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne, masu ilimin da suka share masa hanya sukan riga kowa shiga jerin waɗanda za a kama. In aka jera Rasha, Sin, Kambodiya da Gini, za a ga aikin yana bin matakai kusan iri ɗaya.

Ana farawa da laƙabi. A Sin, Mao ya buɗe ƙofa a 1956 cewa kowa ya faɗi ra'ayinsa. A 1957 aka bi waɗanda suka yi magana, aka liƙa wa mutum wajen 550,000 sunan masu adawa da tafiyar. A Gini, malaman lakwal sun nemi gyaran albashi a 1961, shugaban ƙasa Seku Ture ya ce makirci ne.

Daga laƙabi sai adadi, kuma nan ne ɓarnar take. A Rasha, a Yulin 1937, ƴan sandan ciki na Stalin suka ba kowace jiha yawan mutanen da za ta harbe da waɗanda za ta tura sansani. Da zarar an ba jami'i lissafin da zai cika, laifi ya daina zama sharaɗi. Mai neman girma ma roƙon ƙari yake yi. Sai a haɗa da tilasta amsa laifi: a kurkukun Tuol Sleng na Kambodiya, wanda makarantar sakandare ce aka mayar gidan azaba, ba a barin fursuna sai ya lissafa abokan makircinsa. Suna ɗaya ya haifi wasu, su ma su haifi nasu.

Bambancin yana wajen abin da ake yi da wanda aka kama. A Rasha, Lenin ya cika jiragen ruwa da masana a 1922 ya kore su waje. Sin ta rufe jami'o'i a 1966, ta tura malamai noma ƙauye, ba a dawo da jarrabawar shiga jami'a ba sai 1977. Pol Pot na Kambodiya, daga 1975 zuwa 1979, kisa ya zaɓa, don a tsarinsa ƙasa ba ta buƙatar likita ko injiniya. A Gini kuwa, Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu a sansanin Boiro a 1977 bayan an hana shi ci da sha. A ganina, abin da ke raba kora da kisa shi ne ko mai mulki yana jin zai sake buƙatar hannunka gobe.

Manomin gero zai fi kowa gane asarar. Nikolai Vavilov, masanin tsirrai ɗan Rasha, ya zaga ƙasashe yana tattara irin shuka, irin aikin da masu bincike ke yi a tashar binciken noma ta Tarna, kusa da Maradi. Stalin ya fifita Lysenko, mai alƙawarin yabanya ba tare da hujja ba, aka kama Vavilov a 1940, yunwa ta kashe shi a kurkukun Saratov a 1943. Binciken gadon halitta ya tsaya cik a ƙasar shekara da shekaru.

Nijar ba ta kai can ba, amma ba baƙon abu ba ne gare mu. An tsare marubuci Boubou Hama bayan juyin mulkin 1974, kuma ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai. Nan abin ya juya ta wata fuska: fushin da ya biyo baya na cikin abubuwan da suka kai ga babban taron ƙasa na 1991.