Abin da gangamin gwajin sankarar bakin mahaifa ya koya mana a Kebbi

Tsakanin 2015 da 2023, lokacin da Dokta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara kuma mai gidauniyar Medicaid, take uwargidan gwamna, maganar cutar daji ta samu masu saurare a Kebbi. A 2024 aka zaɓe ta ta zama shugabar ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta duniya, UICC, mai jiran gado, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fitila a ɗakin gwaji a jihar nan ya ji daɗin labarin.

Amma akwai kuskuren da ma'aikatan irin wannan gangami suke maimaitawa, ko wace gidauniya ce ta ɗauki nauyi: a gwada mace a sallame ta ba a yi mata magani ba. Gwajin kansa ba wuya. Ungozoma ta shafa ruwan kal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya cur, ta haska. In wuri ya yi fari, akwai abin da zai iya rikiɗewa ya zama sankara. Masu gaggawa ba sa cika mintin, sai su ce lafiya lau. To an ga farin, sai me? In babu na'urar ƙona wurin a ɗakin, ko batirinta ya mutu tun kafin azahar, sai a miƙa wa baiwar Allah takarda a ce ta je Birnin Kebbi. Matar da ta taso daga ƙauyen Zuru ko Yawuri da izinin yini ɗaya da kuɗin mota na zuwa da komawa, ina za ta samu na biyu? Takardar tana ƙarewa a ƙasan akwati. An tayar mata da hankali, ba a raba ta da ciwon ba. Ƙonawar kuwa ba ta kai minti ɗaya ba, a zafin digiri 100. Don haka kada a buɗe rajista sai na'ura da batirin canji da wadda ta iya aiki da ita suna wurin, kuma a ƙayyade yawan mata gwargwadon hannun da ake da shi, ko da mai tsara taro ya ɓata rai don rumfa ba ta cika ba. Shi hoto yake nema, ma'aikaciyar jinya ce za ta kalli idon matar.

Lambar waya ɗaya ba ta isa, galibi ta maigida ce. A rubuta unguwa da sunan mai unguwa, saboda dawowa bayan shekara. A kuma yi wa maigidan bayani tun ranar cewa bayan ƙonawar za a ga ruwa yana fita daga gaban matar, kuma sai an ƙaurace wa shimfiɗa mako huɗu.

Rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, da aka fara a Najeriya a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce, amma sai liman da hakimi sun ji bayani kafin a tunkari makaranta.

Kayan aiki kuma a shigar da su rajistar asibiti, kuɗin auduga da safar hannu a sa su cikin kasafin ma'aikatar lafiya tun uwargidan gwamnan da ta kawo gangamin tana kan kujera, domin ofishinta ba ya cikin kundin tsarin mulki, kuma ranar miƙa mulki motocinsa suke tsayawa.