Allurar ciwon hanta ta ranar haihuwa

Da ƙanwata ta haihu a gida makon jiya, gwaggonmu ta ce a bari sai bayan suna a kai jaririn asibiti. Na roƙe ta da ta yi haƙuri, domin allurar farko ta rigakafin ciwon hanta nau'in B ana son a yi ta ne cikin awa 24 da haihuwa, kuma da yamma muka kai shi.

Uwa tana iya ɗauke da ƙwayar cutar shekaru ba tare da wata alama ba, ta sa wa ɗanta lokacin haihuwa. Kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu a wannan lokaci cutar takan zauna a jikinsu, kuma tana iya kai su ga lalacewar hanta ko kansa bayan sun girma.

Tun 2004 allurar take cikin jadawalin rigakafin yara a Najeriya. Sauran ukun ana yin su a mako na 6, na 10 da na 14, haɗe da na mashaƙo da tarin shiƙa. Abin da ya fi damuna shi ne ta farkon ce ake yawan rasawa, saboda mai jego ba ta fita, alhali uba ko gwaggo na iya kai jaririn.