Godiya ga waɗanda suka tsaya mini da saƙonni suka ɗauke

Alhamdu lillahi, tun jiya da daddare saƙonnin na'urorinmu na auna zafi sun dawo suna shiga kamar da. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, kuma bai kamata in yi shiru ban gode wa waɗanda suka fitar da ni ba.

In faɗi gaskiya, sakacina ne. Manhajarmu ta Python tana karɓar ma'aunin zafi daga na'urori ta hanyar MQTT (tsarin aika saƙonni tsakanin na'urori), ta daɗe a kan paho-mqtt 1.6.1, kayan aikin da ke haɗa Python da MQTT, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Da na zo sake gina sabar, ashe ban ƙayyade siga a requirements.txt (jerin kayan da manhajar ke buƙata) ba, sai pip, mai sauko da kayan, ya jawo mini siga ta 2 ta paho-mqtt, wadda aka fara fitarwa a Fabrairun 2024. Ina kunna manhajar ta faɗi da ValueError, wai ba ta gane tsarin kiran da na ba ta ba.

Godiyata ta farko ga ƙanwata a wurin aiki, wadda ba ta fi shekara da fara sana'ar ba. Ta leƙo allon kwamfutata, ta ɗora yatsa a kan layi guda, ta ce, "Yaya, ai yanzu ba sunan na'ura ake fara miƙa wa Client ba, CallbackAPIVersion ne." Ni da na yi awa biyu ina zargin intanet! Wato yanzu sai ka fara faɗa wa Client, mai kula da haɗin, tsarin kiran da kake so. Muka zaɓi VERSION2, muka gyara on_connect, sashen da ke aiki idan an haɗu, ya karɓi abu biyar maimakon huɗu. Manhaja ta tashi, ta haɗu da sabar, amma ko saƙo ɗaya bai shigo ba.

Nan ne fa ido ya raina fata. Ba kuskure a allo, komai lafiya lau, na'urori kuwa shiru. Sai da na kira malamina da ya koya mini aikin nan. Bai tambaye ni komai ba, cewa kawai ya yi in karanta masa layukan farko da Mosquitto, dillalin saƙonnin, yake rubutawa idan ya tashi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: tun sigar 2.0 ta Disambar 2020, in ba ka rubuta listener, wato ƙofar da zai saurari na'urori, a fayil ɗin saituna ba, daga cikin kwamfutar kaɗai yake karɓar haɗi. Na ƙara listener 1883, sai ya shiga korar na'urorin, wai ba su da izini, domin allow_anonymous, saitin da ke barin shiga ba da kalmar sirri ba, a kulle yake zuwa yanzu.

Wallahi gajiya ta sa na so in mayar da shi true, wato in buɗe shi, in je in kwanta. Malam ya ce kul, wannan buɗe ƙofa ne ga duk wanda ya ga dama. Da mosquitto_passwd muka yi fayil ɗin kalmomin sirri, sannan na bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ina saka musu. Yini guda cur ya ci. Malam, Allah Ya ƙara girma, ko sau ɗaya ba ka ce mini "da ka karanta" ba.

Masu jiran rahoto da suka yi haƙuri, da waɗanda suka rubuta takardar bayanin ƙaura zuwa sabuwar siga (tana nan tun farko, ni ne ban buɗe ba), da uwargida da ta jure hasken allo har asuba, Allah Ya saka muku da alheri. Ma'aunin kwana ukun nan dai ya tafi, gobe zan rubuta wa kowa bayanin giɓin da zai gani a rahoto.