Asabar a Karkuwan, garin da ba wanda ya sake gini a kansa

Sai bayan isha'i na dawo Tunis, takalmina cike da yashi, amma ba zan iya kwanciya ba sai na rubuta abin da na gano yau.

Da sassafe muka shiga luwaj, motar hayar nan ta 'yan Tunisiya, ni da abokin karatuna ɗan Nabul. Muka sauka Kalibiya, muka ɗauki tasi zuwa Karkuwan, kufan wani tsohon gari a bakin teku, tafiyar kilomita 12 ko kusa da haka. Wurin yana can wajen ƙarshen Kaf Bon, tsinin ƙasar da ya kutsa cikin Bahar Rum ta ɓangaren Sisili.

Na je da tunanin ganin dogayen ginshiƙai. Ina! Bangon gidajen da ƙyar yake kai mini ƙugu. Dattijon da ke gadi ya ga jikina ya yi sanyi, ya ce, "Ɗana, daina duban sama, dubi inda kake takawa."

Ashe abin kallon a ƙasa yake. Daɓe ne ja, an dasa masa ƙananan fararen duwatsu ɗaya bayan ɗaya, a wani gidan har an fitar da alamar Tanit, abar bautar mutanen garin. Kusan kowane gida da makewayinsa, da kwamin wanka mai ɗan dakalin zama a ciki, an shafe shi da abin da ke hana ruwa yoyo. Na tsuguna na shafa gefen wani, sumul yake har yanzu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne fasalin gidan: siririn lungu daga ƙofa, sannan tsakar gida da rijiya, ɗakuna sun kewaye ta, mai wucewa a titi ba ya hango matan gida. Wallahi sai na ji kamar na shiga gidan kakata a cikin birni.

Mutanen nan 'yan uwan mutanen Kartaj ne, tsohon babban birnin da ke kusa da Tunis ta yau, jinin Finikiyawa da suka zo daga gaɓar Lebanon. Garin ya zama kufai wajen shekara ta 250 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙin farko tsakanin Kartaj da Rum. Ita Kartaj da Romawa suka rushe ta a 146 kafin haihuwar Annabi Isa, sun dawo sun kafa nasu birnin a kanta. Karkuwan kuwa ba wanda ya sake ɗora tubali, yashi ya rufe shi har 1952 da aka gano shi. Saboda haka ne UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1985, ta haɗa da maƙabartarsa a 1986. Babu wani garin nasu da ya rage da titunansa da kwatocinsa yadda suka bar shi.

Har marina ne su. Daga wata katantanwar teku suke tatsar ruwan rini shunayya mai tsadar gaske. Na ba abokina labarin baba da karofin Ƙofar Mata, ya ce sai ya je ya gani.

Da la'asar muka tsaya a gaɓa. Igiyar ruwa na dukan gindin garin ba hutu, an yi katanga don a tare ta. Na ce wa dattijon, "Ya ammi, tana riƙewa kuwa?" Ya ce tana riƙewa muddin ana gyara ta. Suna a takardar UNESCO ba ya hana teku cin ƙasa, amma ko ba komai a nan akwai shinge, akwai mai gadi, akwai wanda zai tsawata maka in ka hau bango.

Duk hanyar dawowa badalar Kano ce a raina. Tamu ba teku ke cin ta ba, mu ne da hannunmu, wannan ya ɗebi ƙasa, wancan ya yanki fili ya yi shago. Gobe in Allah ya kai mu zan kira Baba, in tambaye shi ko guntun da muke hawa muna yara yana nan tsaye.