Lima: ranar da na ci ɗanyen kifi har na nemi ƙari

Daga Abuja zuwa Lima, babban birnin ƙasar Peru, ba ƙaramar tafiya ba ce, babu jirgi kai tsaye, sai ka bi ta Turai ka sake tsallake teku, kafin ka sauka a Callao, inda filin jirgin Lima yake, jikinka duk ya yi tsami. Harkar dankalin turawa ce ta kai ni, cibiyar bincikensa ta duniya tana can unguwar La Molina a Lima, amma gaskiya abin da ya fi tsaya min a rai abinci ne.

Wata abokiyar aiki 'yar ƙasar ta Peru ce ta ja mu unguwar Miraflores da yamma, garin ya yi luf da hazo ga sanyin teku, muka shiga wani ɗan ƙaramin gidan abinci irin wanda suke cewa Nikkei, wato girkin Japanawa da ya haɗu da na Peru. Tun kafin mu zauna na ce mata don Allah ta faɗa wa sabis ɗin ban da alade ban da giya ko a miya, nama ma na haƙura tunda ban san yankan ba, kifi ya ishe ni. Yaron bai nuna wata damuwa ba, ya koma kicin ya tambayo ya dawo ya nuna min abin da zan iya ci, na ji daɗin wannan sosai.

Kujerata na daf da kantar da ake yanka kifin, ina kallon mai yankan. Doguwar wuƙa ce siririya, ba ya goga ta gaba da baya, ja ɗaya yake yi sai ka ga sala ta kwanta, ya jera su a faranti ya kwarara romon ají amarillo, wani barkononsu rawaya, da lemun tsami, ya ajiye dankalin Hausa dafaffe a gefe da masararsu mai manyan ƙwayoyi. Tiradito kenan. Wallahi babu ƙarni ko kaɗan, tsami ne ke fara dukan harshe sai yaji ya biyo a hankali sai zaƙin dankalin ya kwantar da su, kifin kuwa na ranar ne, ruwan tekunsu mai sanyi ne shi ya sa Allah ya hore musu kifi haka.

Muna ci tana ba mu labari, a 1899 jirgin ruwa Sakura Maru ya sauke Japanawa 790 a Callao, ƙwadago suka zo yi a gonakin rake. Su kuma Sinawa sun riga su, tun 1849 ake kwaso su da kwantiragi mai kama da bauta, wasu gona wasu haƙar kashin tsuntsaye na taki a tsibirai. Jikina ya yi sanyi, don wannan farantin da ake yi wa ado yanzu asalinsa mutane ne da suka rasa kayan miyar gida suka dafa abin da suka tarar.

Sai chaufa ta iso, soyayyar shinkafa da jatan lande da ƙwai da citta da lawashin albasa, ruwan waken soya ya rina ta, har da ƙamshin hayaƙin kaskon don wuta suke bari ta lashi cikinsa. Na kora da chicha morada, jar masara ce mai duhu ake tafasawa da ɓawon abarba da kirfa da kanumfari, kamar zoɓo amma ta fi kauri.

Maido, gidan abincin da aka zaɓa na ɗaya a duniya a 2025, shi ma yana Miraflores ɗin, sai dai dole ka kama wuri tun da wuri kuma kuɗinsa ba na kowa ba ne. Washegari na leƙa unguwar Sinawa a Calle Capón, can kam alade ya yi yawa a girkin, ban ci komai ba, na sayi niƙaƙƙen ají amarillo a kasuwar da ke kusa na kama hanyar La Molina don taron rana.