Igwar da ke nutsewa ƙasa: sai da na sauka gindinta na gane sirrin

In Allah ya kai ka gabashin Faransa, ka ce za ka je kallon igwoyin nan masu fitowa daga ƙasa su yi harbi su koma, don Allah kada ka tsaya a saman tudu. A sama babu abin gani sai wata hular ƙarfe kwance cikin ciyawa. Aikin duka yana ƙasa, hawa biyu ko uku cikin duhu da sanyi, inda yawancin masu yawon buɗe ido suke wucewa da sauri don su fito su ɗauki hoto.

Karatun injiniya ne ya zaunar da ni a Nancy, kuma duk wanda ya fara tambayar tsofaffin kagarun soja a yankin, Verdun za a nuna masa. Na yi hayar mota da kuɗin da ya kamata ya ciyar da ni kwanaki, na tafi kagarar Douaumont da ke kusa da Verdun ɗin. Wurin yana da tarihi, ba musu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa sun shige ta ranar 25 ga Fabrairu 1916 ba tare da wani faɗan kirki ba, domin tun 1915 aka kwashe yawancin igwoyi da sojojin kagarun yankin, waɗanda suka rage a ciki ba su kai 70 ba. Sai 24 ga Oktoba Faransawa suka ƙwato ta, bayan an yi asarar rayuka ba adadi. Hasumiyar igwarta mai bakin milimita 155, wato zagayayyen ɗakin ƙarfen da igwar ke ciki, tana nan har yau, amma ba ta motsi. Na zagaya ta, na taɓa ta, na dawo gida ban san yadda take tashi ba. Har yanzu kuɗin hayar nan na yi mini ciwo.

Wanda zai nuna maka abin yana aiki shi ne kagarar Uxegney, kusa da Épinal. Irin hasumiyar Douaumont ce sak, samfurin 1907, kuma masu aikin sa kai sun gyara ta har tana hawa da sauka. Wani dattijo mai hannu duk giris ne ya sauka da mu ƙasa. Na shiga ina neman inji da ido, ko na tururi ko na lantarki, domin hankalina ya ƙi yarda cewa ƙarfe mai nauyin gomman tan, wanda rufinsa kaɗai kaurinsa santimita 30 ne, zai ɗaga ba inji. Ban ga inji ba. Abin da na gani manyan sanduna biyu ne na ƙarfe, kan kowanne yana tallafe da gindin hasumiyar, a ɗaya ƙarshen kuma an rataye masa dunƙulen nauyi a cikin rami.

Na tsaya na ce, ashe jigo ne! Jigon ban-ruwa na masu lambun fadama: guga a wannan gefe, curin laka a wancan, yaro ma ya ɗebo ruwan da ba zai iya ɗagawa da hannu ba. Nauyin hasumiyar da nauyin da ke rataye sun kusa yin daidai, saboda haka abin da ya rage wa mutum shi ne ɗan turi. Shi ma turin akwai wani ƙaramin nauyi dabam da sojoji ke naɗewa sama da winci tun kafin lokaci. Da an saki makulli, ya faɗo, hasumiyar ta miƙe. Dattijon ya bar ni na kama hannun wincin tare da shi. Da ya saki, ban ji wata ƙara mai firgitarwa ba, sai gunjin ƙarfe a hankali, ɗakin da ke samanmu dungurungum ya tashi. Na yi ta dariya ni kaɗai kamar wani tababbe.

Me ya kai su ga wannan wahala? Bayan Jamus ta lallasa su a yaƙin 1870 zuwa 1871 ta ƙwace Alsace da wani yankin Lorraine, Janar Séré de Rivières ya fara jera kagaru daga 1874, tsakanin Verdun da Toul, da kuma tsakanin Épinal da Belfort. Da dutse aka gina su, igwoyi a fili a kan ganuwa. Ba a jima ba aka fito da sabon maganin fashewa mai suna melinit. A 1886 suka gwada harsasansa a kan kagararsu ta Malmaison, ginin dutse ya zube. Dole aka koma kankare da ƙarfe.

Hasumiyar ƙarfe ta farko da aka girka a kagarun nan, ƙirar wani hafsa mai suna Mougin, juyawa kawai take yi, ba ta nutsewa. Akwai ɗaya a Villey-le-Sec kusa da Toul, kuma in ka gan ta za ka gane matsalar da kanka: bakin igwar kullum a waje yake, abin da za a iya yi kawai shi ne a juya wa abokin gaba baya. An gwada wata mai nutsewa, ƙirar wani hafsa mai suna Bussière, mai aiki da tururi, wadda aka girka a Souville, amma kayan aikinta sun yi yawa. Wani hafsan soja mai suna Galopin ne ya zo da dabarar sandunan nan a 1890. Tasa takan tashi, ta harba, ta koma cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Lokacin da maharbin can nesa zai ga hayaƙi ya daidaita tasa igwar, babu abin da ya rage sai ƙoƙon ƙarfe daidai da ƙasa, bakin igwar ya ɓuya bayan wani zoben ƙarfe da aka dasa cikin kankare.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ba da labarin. Kowa kaurin ƙarfe yake faɗa, da girman harsashin da ya faɗo bai huda ba. Ai kauri kowa ya iya, a zuba ƙarfe kawai. Gwanintar tana wajen sa wannan dunƙulen ya zama mara nauyi a hannun mutane ƙalilan, ba wuta ba mai. A cikin ayarinmu, da dattijon ya ce zai sake ɗagawa, kusan kowa ya ruga sama da waya. Mu biyu muka rage a ƙasa, ni da wata tsohuwa da gwiwa ta hana ta hawa matakala.

Daga baya na je Hackenberg, kusa da Veckring a yankin Moselle, ɗaya daga cikin manyan kagarun layin Maginot, wato jerin kagarun da Faransa ta gina a iyakarta ta gabas a shekarun 1930. Nan kam gari ne a ƙarƙashin ƙasa: hanyoyi kusan kilomita 10, ɗan jirgin ƙasa mai lantarki, janaretoci, kicin, asibiti, mutum wajen 1,000 a zamaninsa. A ɓangare na 9 ake ɗaga wa baƙi hasumiya mai igwa biyu ta milimita 135. Yanzu akwai motar lantarki, akwai na'urar isar da umarni daga ɗakin kwamanda, sojan da ke ciki ba ya ma ganin abin da yake harbi, lambobi ake aiko masa ya saita tun hasumiyar tana ƙasa. Amma da na leƙa gindinta, sandar nan ce dai da nauyinta, sai dai guda ɗaya. Shekara arba'in ta wuce tsakanin Galopin da Maginot, ba su sami abin da ya fi ta ba, kuma sun bar hannun juyawa saboda ranar da wuta za ta ɗauke. Wannan ya burge ni fiye da jirgin ƙasan da kowa ke yabo.

Kada kuma murna ta sa in ɓoye inda dabarar take da rauni. Komai ya rataya ne a kan hasumiyar ta iya komawa mazauninta. In ta maƙale a sama, ta zama ƙofa. Haka ta faru a La Ferté, wata ƙaramar kagara a ƙarshen layin ta yamma, a Mayu 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Luguden wuta ya sa hasumiyarta ta cije, injiniyoyin sojan Jamus suka rarrafo suka ɗana mata nakiya, ta karkace, suka riƙa jefa abubuwan fashewa da hayaƙi ta kafar da ta buɗe. Mutanen ciki suka gudu can ƙasa, hayaƙi ya shaƙe su, sama da mutum 100, babu wanda ya fita. Hasumiyar tana nan a karkace. Manyan kagarun kuwa, irin su Schoenenbourg da aka yi wa ruwan bama-bamai da harsasan milimita 420, hasumiyoyinsu sun ci gaba da harbi har aka tsagaita wuta a ƙarshen Yuni. Ba a cinye su da yaƙi ba, umarni aka aiko musu su fito, domin Jamusawa sun riga sun zagayo ta Beljiyam da dajin Ardennes.

Ga wanda zai je, Verdun ta tarihin yaƙi ce, ka je don wannan. In motsin ƙarfe kake son gani, fara da Uxegney ko Villey-le-Sec, inda akwai kuma hasumiya mai igwa biyu ta milimita 75 da ke aiki, sannan Hackenberg. Yawancin wuraren nan a hannun ƙungiyoyin sa kai suke, ba kullum suke buɗe ba, wasu da hunturu rufewa suke yi ɗungum. Ka buga waya ka tambaya takamaimai ko za a ɗaga hasumiyar a ranar, kada ka sake biyan irin hayar da na biya. Ka ɗauki rigar sanyi ko da a watan Yuli ne, domin ciki ba ya wuce digiri 12 ko makamancin haka, kuma akwai laima. Bayanin galibi da Faransanci ne ko Jamusanci. Motar haya ta jama'a ba ta kai wa ƙofar yawancinsu, gara ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku ɗauki guda. In an zo ɗagawa, ka roƙi mai jagora ya yi sau biyu, na farko ka tsaya a gindin sandar, na biyu ka hau sama. Dattawan nan ba sa ƙi, su ma neman wanda zai tambaye su game da ita suke yi.