Benen gilashin Alhaji da shekara shida da na yi a ofishin oga

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa makullin teburina. Shekara shida da wata huɗu ke nan ina zanen gini a wannan ofishi, kuma yaran da suka zo koyon aiki sun roƙe ni in rubuta musu wani abu kafin in tafi. Ba zan ɓata lokaci kan yadda ake kai zane neman izini ko yadda ake rigima da ɗan kwangila kan rodi ba, kowa ya sani. Maganar benen Alhaji zan yi, don duk abin da na sani yau game da rana da iska a can na koye shi, kuma da tsada.

A shekarata ta biyu aka kawo aikin: hawa huɗu, shaguna a ƙasa, ofisoshin haya a sama. Filin yana kallon yamma, wato fuskarsa ga titi ce kuma ga ranar la'asar. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ke kallon yamma a Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da nake nufi. Na yi mako uku a kan zanen. Na janye tagogin gaba zuwa ciki, na sa baranda mai zurfi a kowane hawa, na jera ginshiƙan siminti sirara a tsaye su tare ranar da ke shigowa a karkace. Matakala da banɗakuna na tura su kusurwar da ta fi shan rana, tunda ba wanda ke wuni a cikinsu. A tsakiya na bar fili kamar tsakar gida domin iskar da ta ɗauki zafi ta samu hanyar fita ta sama.

Oga ya duba, ya ce ya yi kyau. Sai Alhaji ya dawo daga Dubai.

A wayarsa ya nuna mana hoton wani dogon bene, shuɗin gilashi daga sama har ƙasa. Ya ce, "Irin wannan nake so. Wannan naku kamar sakatariyar ƙaramar hukuma." Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, gilashin nan idan ya kalli yamma..." Oga ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Bayan Alhaji ya fita ya ce min, "Kai yaro ne. Mai kuɗi ya faɗi abin da yake so, naka zane." Na koma na goge baranda, na goge ginshiƙai, na cike tsakar gidan da ƙarin ofisoshi biyu a kowane hawa don hayar ta ƙaru. Da hannuna na yi. Kuma a ƙasan kowace takarda, a gurbin wanda ya zana, sunana ne.

Gilashin da aka saya ma ba irin na hoton ba ne. Na can mai ruɓi biyu ne, da shafen da ke mayar da zafi. Namu falle ɗaya ne mai launi, wanda ke shan zafin rana ya riƙa huro shi cikin ɗaki kamar bakin tanda. An tare a ginin cikin hunturu, kowa na yabo. Da bazara ta shigo, daga ƙarfe biyu na rana ba mai iya zama kusa da taga. Aka ƙara esi, aka sake ƙarawa, janaretan ya kasa ɗauka, aka sayo babba. Sannan a Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar masu rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, daga naira 68 zuwa 225 kan kowane kilowat, ginin kuwa a kan irin wannan layi yake. 'Yan haya biyu suka tattara suka tafi.

Alhaji ya zo ofis a fusace. Ina zaune a wajen, ƙofa a buɗe, na ji oga yana cewa, "Wallahi Alhaji yaron ne bai yi lissafin zafi ba. Ka san yaran yanzu." Ban shiga ba. Har yau in na tuna ba oga nake fara jin haushi ba, kaina nake ji, don zanen farko yana nan a kwamfutata kuma ban taɓa buga shi na ajiye a fayil da kwanan wata ba, balle in rubuta takarda cewa na ba da shawara an ƙi. Baki kawai na yi, bakin ma rabi. To ga shawara ta farko, ga wanda zai ji: abin da ka faɗa wa mai gini game da yamma, rubuta shi, a sa hannu. Ba don rigima ba. Don ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa jakar tsaba.

Amma kada in yi kamar ni mai tsarki ne. Akwai kuskuren da yake nawa ni kaɗai, ba hannun oga ba hannun Alhaji. Ko a zanen farkon da nake taƙama da shi, bangon arewa na bar shi tsirara, manyan tagogi ba kariya, saboda na haddace daga littattafan da aka rubuta don Turai cewa rana ba ta zuwa ta arewa. A Landan haka ne kullum da tsakar rana. Kano kuwa tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta arewa da mu, kuma a watan Yuni tana faɗuwa ne a arewa maso yamma, ta leƙo tagar arewa da la'asar sakaliya. Wani tsohon birkila ne ya nuna min a sait. Ya kama hannuna ya tsayar da ni a jikin bangon da ƙarfe biyar, ya ce, "Injiniya, taɓa ka ji." Bangon kamar an sauke shi daga wuta. Bai ƙara cewa komai ba, ya koma kan kwaɓinsa.

Daga nan na daina kallon hoto na fara kallon gini. Na koma Gidan Makama na zauna a soro da tsakar rana, na ga yadda katangar tubali mai kauri ke riƙe sanyin dare ta sake shi a hankali, da yadda 'yar ƙaramar taga can sama ke isar ɗaki haske. Na je Zariya na sake duba bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a tun ƙarni na 19. Ba ina cewa mu koma ginin ƙasa a kan titin Zoo ba. Ba wanda zai ba ka hayar ofis mai azara, kuma kowace damina sai an yi yaɓe. Abin da nake cewa shi ne waɗancan magina sun san inda rana take a kowane wata, mu kuma mun bar wa esi wannan tunanin.

Na waje ma da ake yawan kawo mana misali da su, sai da na ƙone na gane su. Makarantar da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001 ba wani sihiri ba ne: ya ɗaga kwano sama da silin na bulon ƙasa, iska na bi ta tsakani tana kwashe zafin. Da irin wannan aiki ya kai ga kyautar Pritzker, babbar lambar yabon masu zanen gini, a 2022. A Dandaji ta Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. Hausawa ne ke salla a ciki, amma ka kawo wa attajirinmu maganar bulon ƙasa, sai ya ɗauka ka raina arzikinsa.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka kwafo Ibadan ka kawo Kano: bangon nan mai huda-huda da Maxwell Fry da Jane Drew suka yi wa jami'ar can an yi shi ne don garin da ke da laima, inda iska ita ce magani, a nan ƙurar hunturu za ta cika maka ofis. Eastgate, cibiyar shaguna da ofisoshi ta Harare, tana sanyaya kanta da iskar dare, amma Harare a kan tudu take, darenta ba irin daren Afrilunmu ba ne. Benayen Singafo masu lulluɓe da ganye ruwan sama ke shayar da su kusan duk shekara, kai da rijiyar burtsatse za ka shayar da naka. Farin fenti a rufi ya fi arha a kan duk wata dabara. Itacen darbejiya guda a yamma da gini, kada ka bari ɗan kwangila ya sare shi don ya samu wurin sauke yashi. Kuma in za ka yi wa Alhaji bayani, kada ka ce masa muhalli. Ce masa lita nawa ta man gas zai ƙona a wata.

Oga ba mugun mutum ba ne, ya koya min yadda ake lissafin kaya da yadda ake magana da ma'aikatan gwamnati, kuma ranar da mahaifiyata ta kwanta asibiti shi ya fara zuwa. Na faɗi wannan don kada a ce ban faɗa ba.

Watan jiya na bi ta gaban benen. Masu walda sun kafa tsani suna jera wasu ƙarafa sirara a tsaye a fuskar yamma, daga hawa na biyu zuwa na huɗu. Na tsayar da mota na ƙirga tazarar da ke tsakaninsu da ido. Tazarar zanena ce ta farko, ba ƙari ba ragi. Da dare na ga oga ya sa hoton a Facebook, ya rubuta cewa ofishinmu ya kawo sabuwar fasahar rage zafi. Na danna masa alamar yabo, na kashe wayar.